Lambar Gudun Sifindil Tana Rawa a Injin Sassaƙar Ƙarfe na CNC: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu aiki da injin sassaƙar ƙarfe mai kwamfuta suka fi yi idan lambar gudun sifindil ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sifindil shi ne sandar da ke riƙe da ƙarfen aiki tana juya shi, enkoda kuma ita ce na'urar da ke ƙirga juyinsa tana sanar da kwantirola, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Na jera su yadda nake bin matsalar idan na tsaya gaban inji, don haka zai fi kyau a bi su daga sama.

Lambar tana hawa da sauka a allo. Daga ina zan fara?

Ka fara da sanin wanda ke rawar: sifindil ɗin ne, ko ma'auninsa? Matsaloli biyu ne daban, maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Na sha ganin an kwana biyu ana sauya kebul alhali bel ne ke zamewa, na kuma ga an kwance moto lafiyayye alhali waya ɗaya ce ta saki a soket.

Kunnenka zai taimake ka. Sifindil da ke hawa da sauka da zagaye ɗari a minti ba ya ɓoyuwa, za ka ji muryar injin tana lanƙwasa. Idan murya a miƙe take amma lamba na tsalle daga 1000 zuwa 1400 ta dawo cikin ƙiftawar ido, ma'auni ne ke ƙarya. Kan sifindil da ƙarfen da ya riƙe suna da nauyi, ba za su iya irin wannan tsallen ba. Don ka tabbatar, manna ɗan tef mai ƙyalli a kan sifindil ka auna da takomita, wato na'urar auna gudun juyi, ta hannu mai haske.

Ka kuma duba cewa ba a G96 kake ba, wato umarnin daidaita saurin yanka. A wannan yanayi kwantirola da kanta take ƙara gudu yayin da wuƙa ke matsowa tsakiya, domin saurin yanka ya zauna daidai. Wannan ba cuta ba ce. Duk gwajin da ke ƙasa a yi shi a G97, inda gudu yake a tsaye.

Me enkoda ke aikawa ne, da har hayaniyar lantarki, wato ɓatacciyar wutar da ke hawa kan waya, ke ruɗa shi?

Galibin enkodar sifindil layuka uku take fitarwa. A da B suna kunnawa suna kashewa bi da bi, ɗaya na gaban ɗaya da kwatan zango, kuma da wannan tazara ce kwantirola ke gane ko gaba ake juyi ko baya. Na uku, Z, sau ɗaya tak yake bugawa a kowane zagaye. Enkoda mai layi 1024 a faifanta, wato mai bugu 1024 a zagaye, ita ce aka fi gani a irin waɗannan injuna, ciki har da masu kwantirolar Fanuc. Da yake ana ƙirga hawa da saukar A da na B duka, zagaye ɗaya yana ba da ƙirge 4096.

Kwantirola ba ta ganin sifindil. Abin da take gani kawai shi ne wuta ta hau, wuta ta sauka, a kan waya mai 5 V. Duk abin da ya ɗaga wutar wannan waya na ɗan lokaci, ko daga ina ya fito, a wurinta bugu ne na gaskiya.

Wane gwaji ne zai nuna mini ko matsalar ta lantarki ce ko ta ƙarfe?

Gwaji uku, kuma ba sa bukatar ka sayi komai.

Na farko, kashe inbata, wato na'urar da ke ba moto wuta tana sarrafa gudunsa, gaba ɗaya, ka bar kwantirola da enkoda a kunne. Yi alama da alƙalami a jikin sifindil da jikin inji, buɗe shafin da ke nuna ɗanyen ƙirgen enkoda, ka juya da hannu zagaye goma ka tsaya a kan alama. Ya kamata ka ga 40,960, ko abin da ya yi kusa da haka gwargwadon yadda hannunka ya tsaya. Juya baya zagaye goma, lamba ta dawo inda ta tashi. Idan ƙirge ya ɓace a nan, inda babu inbata kwata-kwata, to ba hayaniya ba ce. Ka duba enkodar, soket ɗinta, wutar da take samu, da ɗan bel ɗin da ke juya ta.

Na biyu shi ne wanda na fi yarda da shi. Raba moto da sifindil: cire babban bel, ko ka sa giya a firi idan injin mai giya ne. Sai ka tayar da moto ya yi ta gudu shi kaɗai. Sifindil a tsaye yake, enkoda a tsaye take, saboda haka ƙirge bai kamata ya motsa ko da ɗaya ba. Idan ka ga lamba na motsi, ko fitilar Z na walƙiya, ka kama ɓarawon da hannu: hayaniyar inbata ce ke shiga layi. Amfanin wannan gwaji ya wuce kama laifi, domin ya ba ka ma'auni. Kowane gyara ka yi, ka dawo ka sake dubawa ko lambar ta lafa.

Amma a kula. Idan kwantirola ce ke daidaita gudu ta hanyar sauraren enkoda, za ta ga sifili, ta ɗauka moto ya gaza, ta yi ta ƙara masa wuta har ƙarshen gudunsa, ko ta tsayar da inji da ƙararrawa. Don haka ka tayar da moto daga maɓallan inbata, ko ka cire wannan daidaitawar kafin gwaji.

Na uku, mayar da bel, ka zana jadawalin gudu a kan lokaci. Masu manhajar sarrafa inji ta LinuxCNC suna da shafin zana mai suna Halscope, manyan kwantiroli ma suna da shafin zana irin wannan. Ka kalli siffar rawar. Idan tana maimaita kanta daidai sau ɗaya a kowane zagaye, kuma tana ƙara sauri idan gudu ya ƙaru, aikin ƙarfe ne: faifan enkoda ya kauce daga tsakiya, fuli ya karkace, ko haɗin da ke tsakanin enkoda da sanda ya yi sako-sako. Hayaniyar lantarki ba ta da irin wannan tsari. Tsini-tsini take fitowa, ba ruwanta da inda sifindil yake.

Me ya sa kullum inbata ake zargi?

Saboda yadda take aiki. Tana mayar da wutar da ta shigo mata zuwa wuta miƙaƙƙiya (DC), kusan 325 V idan 230 V aka ba ta, kusan 565 V idan 400 V ce. Sannan ta riƙa sara wannan wuta tana aika wa moto, sau dubu biyu zuwa dubu goma sha shida a daƙiƙa, gwargwadon saiti. Kowace sara tana tashi daga sifili zuwa ƙololuwa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Wuta mai irin wannan kaifi ba ta tsayawa cikin waya. Tana ɗiga ta jikin moto da jikin kebul zuwa ƙarfen inji, sannan ta nemi hanyar komawa inbatar da ta fito.

Nan ne maganar take. Tilas ta koma gida. Idan ka shimfiɗa mata hanya gajera mai faɗi, za ta bi ta koma ba tare da ta taɓa kowa ba. Idan ba ka yi ba, za ta bi duk abin da ta samu, kuma kebul ɗin enkoda, da ya tashi daga kusa da moto ya ƙare a akwati ɗaya da inbata, hanya ce a buɗe. Yawancin gyaran da ke tafe, a ƙarshe, shimfiɗa wannan hanya ce.

To me zan gyara a wajen wayoyi?

Fara da kebul ɗin moto, domin kashe wuta daga tushe ya fi tare hayaƙi. Ya zama mai sulke, wato mai saƙar ƙarfe a kewaye, da wayar ƙasa a cikinsa. A ɗaure sulken a ɓangarorin biyu, wajen inbata da wajen moto. Yadda aka ɗaure shi yana da muhimmanci ƙwarai. A feɗe robar waje, a kama sulken da matsi na ƙarfe da ya zagaye shi gaba ɗaya, a danne shi a kan farantin akwati inda aka kankare fenti. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne su tattara saƙar su murɗe ta ta zama jela mai tsawon ɗan yatsa, su cusa a ƙarƙashin sukuru. Mita za ta nuna maka akwai haɗi, amma ga wuta mai saurin gaske wannan jela ƙunci ce, kuma ita kanta tana watsa hayaniya.

Sai tazara. Kebul ɗin enkoda da na moto kada su kwanta tare. A raba su da santimita 20 zuwa 30 in da hali, in kuma dole su haɗu, su gitta juna a miƙe kamar alamar tarawa.

Akwai wani inji da na taɓa dubawa wanda mai shi ya sauya enkoda har sau biyu. Da na leƙa bayan kan injin da tocila, sai na ga kebul ɗin enkoda da na moto an ɗaure su tare da igiyar roba, tsaf-tsaf, duk bayan taƙi ɗaya, tsawon kusan mita biyu. Wanda ya yi aikin mai tsabta ne, kyau ya nema. Na yanke igiyoyin, na ja kebul ɗin enkoda gefe na rataye shi a kan wani ƙarfe na wucin gadi, muka tayar da moto ba bel. Lambar da ɗazu take ɓarin jiki ta tsaya cik. Tsofaffin enkodojin biyu suna nan a kan tebur, kuma ina da yaƙinin babu abin da ya same su.

Bayan waɗannan, filtar layi a mashigar wutar inbata tana hana hayaniya komawa ta wayar da ke ciyar da kwantirola. Zoben ferayit a mafitar inbata ma yana taimakawa: wayoyin moto uku su ratsa cikinsa tare, wayar ƙasa ta bi ta waje. Inbata, kwantirola da jikin inji kuma a haɗa su a wuri ɗaya da haɗi gajere, kuma saƙaƙƙen ƙarfe mai faɗi ya fi siririyar waya doguwa.

Sulken kebul ɗin enkoda, gefe ɗaya ake ɗaurewa ko biyu?

Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan ma'aikata, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu cewa gefe ɗaya suna gudun kada wuta ta riƙa zagayawa ta cikin sulke idan ƙasar kan inji da ta akwati ba daidai suke ba. Masu cewa gefe biyu suna duban cewa sulken da aka bari a sake a gefe guda ba ya tare hayaniya mai sauri irin ta inbata yadda ya kamata.

Idan littafin kwantirolarka ya faɗi yadda za a yi, bi shi. Idan bai faɗa ba, ni gefe biyu nake ɗaurewa, bayan na tabbatar akwai haɗi mai kauri tsakanin kan inji da akwati, ta yadda sulke ba zai zama shi ne hanyar da wuta ta fi so ba. Sannan in koma gwajin moto ba bel in ga abin da lamba ta ce. Abu ɗaya da babu saɓani a kansa: ba a amfani da sulke a matsayin wayar 0 V. Wannan tana da wayarta daban a cikin kebul.

Enkodata waya ɗaya take da ita ga kowane layi. Sai na sauya ta?

Akwai tsarin tilo, akwai tsarin tagwaye. A tsarin tilo, A waya ɗaya ce, ana auna ta da ƙasa, duk hayaniyar da ta hau kanta an karɓa. A tsarin tagwaye, wanda ake kira RS-422, kowane layi yana tafe da kishiyarsa: idan A ta hau, abokiyarta ta sauka. Wayoyin biyu a murɗe suke da juna, hayaniya tana hawa kansu daidai wa daida, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake dubawa, sai hayaniyar ta soke kanta. A injin da ke da inbata, tagwaye ne zaɓina ba tare da dogon tunani ba.

Ba lallai ka sayi sabuwar enkoda ba. Ana sa ɗan allo mai ƙwayar lantarki AM26LS31 dab da enkoda ya mayar da tilo tagwaye, a sa AM26LS32 a wajen kwantirola idan ita ba ta karɓar tagwaye. A ƙarshen kowace tagwaye, wajen mai karɓa, a sa rizista mai om 120 idan babu ita a ciki. Kuskuren da na fi gani shi ne a haɗa tagwayen ba bisa murɗinsu ba, A ta kwanta da B, kishiyoyinsu su kwanta tare. Inji zai yi aiki, amma an zubar da kariyar. Wani kuskuren kuma, enkoda ta tagwaye ce amma an bar saitin katin kwantirola a kan tilo.

Idan enkodar irin wadda ke bukatar rizista ta ja layi sama ce, kuma an sa mai girma kamar om 10,000, layin zai yi laushi, hawansa ya yi jinkiri. Rage ta zuwa om 1000 ko kusa da haka yakan kawo sauƙi, muddin enkodar za ta iya ɗaukar wutar.

A ƙaramin gudu lambar ta fi rawa, a babba tana lafawa. Hayaniya ce?

Sau da yawa ba ita ba ce, lissafi ne. Ka ɗauki faifai mai rami 100, wato ƙirge 400 a zagaye, da kwantirola mai duba ƙirge sau dubu a daƙiƙa. A zagaye 300 a minti, ƙirge biyu ne kawai ke shigowa a kowace dubawa. Wani lokaci ɗaya ya faɗo, wani lokaci uku. Bambancin ƙirge ɗaya a nan daidai yake da zagaye 150 a minti. Sifindil lafiya lau yake juyi, waya tsaf take, amma allo zai nuna 150, 300, 450. Da enkoda mai ƙirge 4096, wannan tsalle yana sauka zuwa kusan zagaye 15.

Maganinsa a saiti yake. A yi amfani da gudun da ake lissafawa daga lokacin da ke tsakanin bugu da bugu, ko a tsawaita lokacin tara ƙirge kafin a nuna. Idan faifan na gida ne kuma ramukansa ba su yi daidai ba, ko na'urorin A da B ba su zauna a kwatan zango cif ba, rawar za ta rage amma ba za ta ɓace ba sai an daidaita zamansu.

Ni kuma nawa akasin haka ne. Da na wuce wani gudu sai lamba ta faɗi ko ta rikice.

An fi ƙarfin mai ƙirga. Enkoda mai layi 1024 a zagaye 3000 tana fitar da bugu 51,200 a daƙiƙa a kowane layi, ƙirge 204,800 ke nan. Kwamfutar da ke ƙirga da manhaja ta tsohuwar kafar firinta, tana leƙawa sau 40,000 a daƙiƙa, ko zagaye 600 ba za ta kai ba da wannan enkoda. Ko dai a rage yawan layi, ko a koma katin da ke ƙirga da kansa, irin na kamfanin Mesa. Haka nan ƙananan na'urorin raba wuta da haske da ke kan allunan haɗi masu araha, irin PC817, suna da nawa. 6N137 ta fi su sauri nesa ba kusa ba.

Lamba a allo ta yi kyau, amma tiredi, wato zaren da ake yankawa irin na jikin sukuru, yana fita a lalace. Akwai alaƙa?

Akwai, kuma wannan ne ya sa ba na amincewa da allo shi kaɗai. Lokacin yanka tiredi, da G76 ko G32 ko G33 gwargwadon kwantirola, wuƙa tana jiran bugun Z kafin ta tashi, domin kowane bi na wuƙa ya faɗa cikin ramin wanda ya gabace shi. Daga nan take bin ƙirgen A da B.

Duba girman ɓarnar kowanne. A tiredi mai tazarar milimita 1.5, ƙirge ɗaya cikin 4096 bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ko goma suka ɓace ba za ka gani da ido ba. Ƙari a kan haka, tsinin hayaniya da ya hau A ita kaɗai yakan ƙara ɗaya ya rage ɗaya, lissafi ya koma daidai. Amma bugun Z na ƙarya da ya zo rabin zagaye kafin lokacinsa yana kautar da wuƙa da milimita 0.75, ta sauka a kan tudun tiredi maimakon raminsa. Bi biyar sun tafi lafiya, na shida ya share aikin, wani lokaci har da bakin wuƙa. Idan haka ke faruwa jefi-jefi, layin Z ne abin dubawa na farko.

Kafin ka ɗora wa hayaniya laifi, tabbatar ba a taɓa gudun sifindil tsakanin bi da bi ba, domin a injuna da yawa sauya gudu yana gusar da mafarin tiredi. Ka kuma duba ɗan bel ɗin enkoda. Dole ya zama mai haƙora, zagaye ɗaya na sifindil ya zama zagaye ɗaya na enkoda, kuma kada ya yi sakin da zai tsallake haƙori.

Ba zan iya sa filta kawai in huta ba?

Filta tana da wurinta, amma a ƙarshe, ba a farko ba. Kuma iri biyu ce.

Ta manhaja, wadda ke lallashin lambar da ake nunawa, ba laifi a sa ta don ido ya huta, ko don alamar da ke cewa gudu ya kai ta daina ƙiftawa. Sai dai ba ta cire bugun ƙarya ko ɗaya daga ƙirge. Allo zai natsu, tiredi ya ci gaba da lalacewa, kai kuma ka rasa alamar da ke gaya maka akwai matsala. Idan kuma lambar da aka tace ce ake mayar wa mai daidaita gudu, jinkirin filtar zai sa ya riƙa gyara abin da ya riga ya wuce, sai sifindil ya fara lilo na gaske.

Ta kan waya kuwa, sai an yi lissafi. Rizista mai om 1000 da kafasita mai 10 nF suna fara dakushe duk abin da ya wuce kusan bugu 16,000 a daƙiƙa. Ga mai na'urar bugu ɗaya a zagaye, kamar yadda ake yi da manhajar Mach3, wannan daidai ne, tunda a zagaye 3000 bugu 50 ne kawai a daƙiƙa, musamman idan aka bi ta da ƙwayar lantarki 74HC14 don ta mayar wa bugun kaifinsa. Amma ka sa wannan filta a kan enkoda mai layi 1024, za ta cinye saƙon da kansa. Bugun Z na irin wannan enkoda a babban gudu kan iya zama ɗan kashi biyar cikin miliyan na daƙiƙa. Filtar da ta yi nauyi za ta haɗiye shi tare da hayaniyar.

Na auna, sifindil ɗin da gaske yake hawa da sauka. Ina zan duba?

Bi ta kan umarnin da ake ba inbata. Idan da 0 zuwa 10 V ake faɗa mata gudu, kuma 10 V na nufin zagaye 3000, to rawar kashi ɗaya cikin goma na 1 V zagaye 30 ce. Sa gudun daga maɓallan inbata kai tsaye. Idan ya tsaya, laifin yana wayar umarni, sai a ba ta kebul mai sulke a nisanta ta da na moto, ko a koma aika umarni ta Modbus, wato a matsayin saƙon lambobi maimakon ƙarfin wuta.

Idan umarni tsaf yake, duba ko masu daidaita gudu biyu ne ke ja-in-ja, na cikin inbata da na cikin kwantirola. Ɗaya ya isa ya riƙe linzami. A saitin PID na sifindil kuma, wato lissafin mai daidaita gudu mai kaso uku, P da I da D, kason D yana kumbura duk wata ƙaramar hayaniya, shi ya sa galibi ake barinsa a sifili.

Saukar gudu kaɗan lokacin da wuƙa ta shiga ƙarfe ɗabi'ar moton indakshan ce, irin wanda inbata ke juyawa. Mai sandar maganaɗisu huɗu a wutar 50 Hz, lissafi ya ba shi 1500, amma da kaya a kansa wajen 1440 yake yi. Idan saukar ta yi yawa, ko kana jin ƙara da warin roba, bel ne.

Tsallen ba kullum ba ne, sai famfon ruwan sanyaya ya tashi ko ma'ajiyar wuƙaƙe ta juya.

Wannan labari ne mai daɗi, domin ka riga ka san mai laifin. Kwayil ɗin kwantakta, na rile da na bawul suna tofar da tsinin wuta duk lokacin da aka yanke musu wuta. A sa diyod a kan kwayil mai wuta miƙaƙƙiya, a sa haɗin rizista da kafasita a kan mai wutar layi, dab da kwayil ɗin. Kada kuma enkoda ta sha wuta daga tushe ɗaya da waɗannan.

Da safe lafiya, sai inji ya yi zafi matsala ta fara.

Auna wutar enkoda a bakinta, ba a akwati ba, kuma tana cikin aiki. Yawancin masu 5 V ba sa son ƙasa da 4.75 V, kuma doguwar siririyar waya tana cin wani abu a hanya. Enkodar da ke zaune a bakin iyaka, ɗan zafi ya isa ya tura ta.

Sai ka zare soket ka duba cikinsa da haske. Ruwan sanyaya yana bin jikin kebul a hankali har ya shiga, za ka ga kore-kore a kan filoli, ko danshi mai wari. Cikin enkoda mai haske, mai da tururi suna dusashe gilashin, fitilarta kuma tana raguwa da shekaru. Idan mai maganaɗisu ce da ke karanta haƙoran giya, ɓarɓashin ƙarfe yana taruwa a bakinta, tazararta da giya ma tana iya gushewa. Kebul ɗin da ke lanƙwasa a wuri ɗaya kullum yana karyewa ta ciki roba na nan lafiya. Girgiza shi da hannu kana kallon ƙirge, sifindil a tsaye.

Na rage saurin sarar inbata sai abin ya yi sauƙi. In bar shi haka?

Za ka iya, idan kukan moto bai dame ka ba. Amma ka san cewa yawan sarar ka rage, kaifin kowace ɗaya yana nan. Bugun Z na ƙarya zai ragu, ba zai ƙare ba. Ni ina ɗaukar wannan a matsayin shaida cewa inbata ce tushen, sai in koma kan sulke da tazara.

Wani ya ce in cire wayar ƙasa ta inji, wai ta nan hayaniya ke shigowa.

Kada ka yi. Ko da lamba ta natsu, ka mayar da jikin inji tarko ga duk wanda ya dafa shi. Inbata da filtarta suna zubar da wuta zuwa ƙasa ko da lafiyarsu ƙalau, kuma wannan waya ce ke kwashe ta. Idan cire ta ya sauya wani abu, ya nuna haɗin ƙasa na cikin inji ne ke bukatar gyara.

Tunda an zo nan, abu biyu. Manyan kafasitocin inbata suna riƙe wuta mai kisa na mintuna bayan an kashe. Jira lokacin da aka rubuta a jikinta, sannan ka auna da mita kafin ka sa hannu. Kuma ɗan maƙalin ƙasa na osiloskof (na'urar da ke zana siffar wuta a allo) mai amfani da wutar bango a haɗe yake da wayar ƙasa, don haka ba a maƙala shi a tashoshin wutar inbata ko na moto.

Yaushe zan yarda cewa enkodar ce ta mutu?

Idan ta faɗi gwajin juyi da hannu, inbata a kashe, bayan ka tabbatar wutarta ta cika, soket a bushe yake, kebul bai karye ba. Da osiloskof za ka ga ɗaya daga cikin layukan ya ƙi kai wa sama, ko faɗin kunnawa da na kashewa sun bambanta sosai, ko bugu yana ɓacewa a wuri ɗaya a kowane zagaye, alamar datti ko tsaga a faifai. Taɓa sandarta ma, idan tana wasa ko tana ƙara, boris ɗinta ya tafi, kuma sau da yawa ɗaure ɗan bel da ƙarfi fiye da kima ne ya kashe shi.

Idan ka sa sabuwa, ta zama mai adadin layi da irin fitarwa ɗaya da tsohuwar, ko ka gyara saiti. Kafin ka mayar da inji aiki, maimaita zagaye goma da hannu, maimaita gudun moto ba bel na 'yan mintuna kana kunna famfo kana kashewa, sannan ka yanka tiredi a kan guntun ƙarfe da bi da yawa marasa zurfi, ashirin ko fiye, ka duba ko duk sun faɗa rami ɗaya.